Amsa ga malamin da zai zo Kumasi koyar da Turanci

Malam, ka tambaya yadda za ka yi da abinci da cefane idan ka zo Kumasi aikin sa kai na koyar da Turanci. Shawarata ita ce ka nemi masauki a Aboabo ko Asawase, domin a waɗannan unguwannin zango Hausa kaɗai za ta ishe ka ciniki, ko da yake sai ka saba da Hausarmu, wadda ta ɗan sha bamban da ta Kano.

Da safe akwai koko da ƙosai, akwai kuma waakye, wato shinkafa da wake da ake dafawa da busasshen ganyen dawa har ta yi ja, a ci da shito, wata miyar barkono mai yaji. Tuwon zafi ma yana nan. Fufu da banku kuwa, ka riƙa tambayar irin naman da ke cikin miyar idan ba a zango kake ba, saboda wasu masu abincin suna sa naman daji ko na alade.

Babban cefane a kasuwar Kejetia ake yin sa, kuma trotro, wato ƙaramar bas ta haya, za ta kai ka da kuɗi kaɗan. A can harshen Twi ne ke tafiyar da ciniki, don haka ko "medaase" ka koya, wato na gode. Ka kuma kula da lissafi: tun 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, kuɗin Ghana, amma har yau wasu tsofaffin 'yan kasuwa da tsohon kuɗi suke faɗin farashi, sai su ce dubu goma alhali sidi ɗaya suke nufi.