Ƙaramin injin fere ƙarfe: kada kuɗin ya ƙare a kan injin

Tambaya daga wani mai sayar da kayan gyaran babur: "Na tara 'yan kuɗi, ina so in sayi ƙaramin injin fere ƙarfe, wato let, in riƙa haɗa ƙananan injinan tururi na sha'awa a gida. Wane iri zan saya, kuma zai dawo min da kuɗina?"

Malam, kafin maganar iri, raba kuɗin nan gida biyu. Rabi na inji, rabi na kayan aikinsa. Yawanci injin yakan zo ne da bakin riƙo, wato abin da ke damƙe ƙarfen da ake ferewa, mai haƙori uku kawai. Kai kuwa sai ka nemi mai haƙori huɗu don riƙe abin da ba zagayayye ba, da wuƙaƙen fera, da dutsen wasa su, da kayan awo na daidai-wa-daida irin su maikiromita da agogon awo. Wanda ya zube kuɗinsa duka a kan injin, zai ajiye shi ne yana kallo.

Girman kuwa, abin da za ka ƙera ne zai faɗa maka. Injin tururin da masu koyo a Ingila suka saba farawa da shi, Stuart 10V, faɗin filawil ɗinsa, wato ƙarfen nan mai kama da taya da ke juyawa a jikinsa, inci 3 ne. Saboda haka injin da ake kira 7x14 ya ishe ka: yana juya abu mai faɗin inci 7, tsawon inci 14. Kamfanin Sieg na Shanghai yana cikin manyan masu ƙera irinsa, dillalai suna liƙa sunayensu a kai. Sherline na Amurka ya fi shi tsaftar aiki, amma faɗin da yake ɗauka inci 3.5 ne, ga tsada.

Za ka ji ana yabon wani injin fere ƙarfe na Ingila, Myford ML7, wanda ya fito a 1946. Ya cancanci yabo. Sai dai tsoho ne, kuma in shimfiɗarsa, wato dogon ƙarfen da mariƙin wuƙa ke tafiya a kai, ta cinye kusa da bakin riƙo, duk fistin da ka fere ba zai fito daidai ba. Ban yarda ka saye shi daga hoto ba, sai ka sa hannu ka gwada.

A 7x14 ɗin, duba abu uku. Ya zama mai cin wuta 220 zuwa 240, ba 110 na kasuwar Amurka ba. Ka tambaya ko giyoyin cikinsa na roba ne, domin suna karyewa in wuƙa ta cije. In haka ne, haɗo da na canji tun a odar farko. Sannan katin da ke sarrafa gudun motarsa ba ya jure hawa da saukar wutar nan tamu, don haka sa stabilaiza cikin lissafi. Nauyinsa ya kai kilo 40, kuma in daga waje za a kawo, kuɗin dako da na kwastan ba ƙarami ba ne.

Batun dawo da kuɗi, gaskiya kada ka sa rai da injinan tururin. Guda ɗaya yakan ci makonni, masu saye kuma ba su da yawa a nan. Abin da zai iya kawo ɗan ciniki shi ne ƙananan ayyukan da masu manyan injina ke rainawa: bushin na tagulla, gajeren shaf, noti mai baƙon zare, kayan keken ɗinki da na janareto. Makanikan da ke zuwa shagonka su ne kwastomominka na farko; tambaye su abin da suke wahalar samu tun kafin ka biya.

Kuma ka saya daga ribar da ka ware, ba daga jarin shago ba, ba da bashi ba. Buɗe masa shafinsa daban a littafi, ka riƙa rubuta abin da ya ci da abin da ya kawo, har wata shida.