Na sayi shagon kwalliya a Landan, kansil ta ce lasisin ba nawa ba ne

Tambaya: Barista, wata bakwai ke nan da na sayi shagon kwalliya a Landan, mai gadon shan haske guda biyu, irin wanda Turawa ke kwanciya a ciki don fatarsu ta yi duhu. Wadda ta sayar min ta nuna min lasisi a rataye a bango, ta ce yana bin shago. Makon jiya jami'in kansil, wato ƙaramar hukuma, ya zo ya ce da sunanta yake, kuma ya ƙare tun wata biyu baya. Tunda na biya kuɗina, ai haƙƙina ne su sabunta min. In kai kansil ƙara?

Amsa: Hajiya, bisa abin da kika faɗa, kuma kafin in ga takardar cinikinku, ban ga abin da za ki kai kansil ƙara a kansa ba. Gara ki ji haka tun yanzu, kafin ki zuba kuɗi a hannun lauya.

A mafi yawan ƙananan hukumomin Landan, wannan lasisi yana ƙarƙashin wata dokar Landan ce ta 1991 da ta shafi tausa, gyaran farce, huda jiki, wankan tururi da duk wani aiki da ake yi da haske ko lantarki a jikin mutum. Ana ba da shi ne ga mutum da sunansa, a kan shago takamaimai. Ba ya cikin kayan da ake sayarwa tare da kujeru da madubai. In shago ya canza hannu, sai an nemi kansil ta mayar da shi sunan sabon mai shi, kuma tana iya ƙi. Galibi na shekara ɗaya suke bayarwa. Dokar kan bar tsohon lasisi ya ci gaba da aiki har a yanke hukunci, amma fa sai in an shigar da takardar sabuntawa kafin ranar ƙarewarsa. Ba a shigar ba, don haka ba abin da za a sabunta. Sabo za ki nema.

Ƙorafin da ake kaiwa kotun majistare cikin kwana 21 kuwa na wanda ya nema aka hana shi ne, ko aka soke masa, ko aka ɗora masa sharaɗin da bai yarda da shi ba. Ke ba ki nema ba tukuna, balle a hana ki.

Abin da ya fi damuna ba lasisin ba ne, watannin da kika yi kina aiki babu shi ne. Wannan laifi ne da za a iya gurfanar da ke a kansa a ci ki tara, kuma cewa an yaudare ki na iya sa a sassauta, amma ba lallai ya wanke ki ba. Ki duba takardar inshorarki ma, domin wasu kamfanonin sukan zame idan wani ya ƙone a gadon da ba shi da izini. Ki cire gadajen daga wuta yau, ki dakatar da sauran ayyukan da lasisin ya shafa, ki rubuta wa jami'in cewa kin yi hakan, da kwanan wata. Ba zan yi miki alkawarin ba za su ɗauki mataki ba, sai dai wanda ya tsaya da kansa ya fi samun sauƙi a wurinsu.

Cike fom da biyan kuɗi ba sai na koya miki ba. Za su nemi zanen shago, shaidar binciken wayoyin lantarki, inshora da takardun horon ma'aikata, za a kuma sanar da 'yan sanda da hukumar kashe gobara. Inda ake faɗuwa shi ne a kan shi gadon. Ƙarfin hasken da aka yarda da shi bai wuce wat 0.3 a kowace murabba'in mita ba, kuma masu shago da yawa sukan sa fitilu masu zafi fiye da na asali don abokan ciniki su ga aiki da wuri. Ki kira injiniya ya auna kowane gado ya ba ki takarda, ya gwada agogon da ke kashe shi da maɓallin gaggawa da ke ciki. Ki tanadi tabarau na kare ido, da katin kowane abokin ciniki: irin fatarsa, magungunan da yake sha, ranar da ya zo da mintin da ya yi. Tsananin ba na banza ba ne: tun 2009 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa waɗannan gadaje a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar.

Akwai kuma dokar 2010 da ta fara aiki a Afrilun 2011: duk wanda shekarunsa suka gaza 18 ba ya hawa gadon, ba a yi masa tayi, ba ya ma shiga ɗakin. Izinin uwa ko uba ba ya aiki. An kafa ta da tarar da ta kai fam 20,000, kuma kansil kan turo yara da gangan don gwaji. Kariyarki ita ce ki nuna kin yi duk taka-tsantsan da ya kamata, wato duba katin shaida da rubuta shi.

Ita kuwa wadda ta sayar miki, da wuya a ce ba ta san sunan wa ke kan takardar da take biya wa kuɗi duk shekara ba. Mai yiwuwa kina da hujjar cewa ta faɗi abin da ba haka ba don ki saya, amma ya danganta da yarjejeniyarku. Wasu suna ɗauke da sharaɗin cewa maganar baki ba ta cikin ciniki, kuma za ta ce sunan na nan a bango, ke ce ba ki karanta ba. Ki nemo duk saƙon WhatsApp da ta ambaci lasisin. Ki aika mata wasiƙa da lissafin asararki na ranakun da gadajen za su zauna a kashe, ki ba ta kwana 14. In kuɗin bai wuce fam 10,000 ba, ƙaramar ƙara ce, kuma tun 2024 kotu kan tura irinta sulhu ta waya na awa ɗaya, kyauta. Tunda can za a ƙare, ki fara tayin sulhun da kanki, musamman in da sauran kuɗin ciniki a hannunki. Kada dai ki riƙe shi sai lauya ya karanta yarjejeniyar.