Wat nawa ne zai ishi kwamfutar da na haɗa da kaina?

Wani matashi mazaunin unguwar Shari'a Mansur a Makka ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Malam. Ina tace bidiyon wa'azi da na masu Umara, shi ya sa na tara kuɗi na sayi kayan kwamfuta zan haɗa da kaina: furosesa Ryzen 5 5600, katin girafik RTX 3060, ram gig 16, SSD ɗaya da hadis (hard disk, ma'ajiyar bayanai) biyu. Fawa saflai, wato na'urar da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, ce ta rage. Mai shago a Jidda ya ce sai mai wat 850, abokina kuma ya ce yana da mai 450 da ya tsinta a kasuwar gwanjo, zai ba ni kyauta. Wa zan bi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka bi ko ɗaya. Zo mu yi lissafin tare, ba ya cin minti biyar.

A cikin kwamfuta abubuwa biyu ne masu cin wuta na gaske, katin girafik mai sarrafa hoto da furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar. Sauran 'yan rakiya ne. Katinka RTX 3060 yana jan wat 170 idan aiki ya yi masa yawa. Furosesarka an rubuta mata 65, amma kada wannan lambar ta ruɗe ka, ta lissafin zafi ce. Idan tana fitar da bidiyo takan kai wajen 76. Madabod (babban faifan da ake jona komai a kansa) da ram da SSD da fankoki da hadis biyu, ka ba su 70 gaba ɗaya, ka ma yi musu alheri. Jimla ta kama wat 320 ko ƙasa kaɗan. Wannan ranar da komai ke aiki iya ƙarfinsa ke nan. Lokacin da kake karanta saƙo ko kallon YouTube, ko ɗari ba lallai ta kai ba.

To me ya sa ba za a sayi mai 350 a huta ba? Saboda katin girafik ba ya shan wuta a jere kamar ƙwan fitila. Yakan zabura ya ja fiye da adadinsa na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, idan fawa saflai ba ta da sarari sai ta ɗauka matsala ce ta kashe kanta. Wannan ce ta sa ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022 ta tanadi cewa manyan fawa saflai su iya jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan wannan taƙin. Sannan na'urar ta fi aiki cikin natsuwa, ba zafi ba ƙarar fanka, idan kayan da ta ɗauka sun tsaya wajen rabi zuwa kashi biyu cikin uku na ƙarfinta. Ka ɗora 320 a kan wannan ma'auni, za ka faɗa kan 550. Ita kanta Nvidia 550 ta rubuta wa wannan kati. Idan kana da niyyar ɗaga kati nan gaba zuwa irin RTX 4070, mai jan 200, sayi 650 tun yanzu. Shi kuwa 850 na masu RTX 4090 ne, katin da shi kaɗai ke jan 450. Mai shago ba ƙarya ya yi maka ba, za ta yi aiki, sai dai rigar ta fi ka girma kuma kai za ka biya kuɗin yadin.

Ta abokinka ce ta fi ba ni tsoro, kuma ba don lambar 450 ba. Juya ta ka duba takardar da ke manne a gefenta, ka nemi layin da aka rubuta +12V. Kusan duk wutar da kati da furosesa ke sha daga nan take fitowa. Ka ninka amfiya ɗin da ke ƙarƙashinsa sau 12. Mai kyau ta 550 za ka ga wajen 45A, wato 540. Amma akwai waɗanda ake buga wa 450 da manyan baƙaƙe, ka duba ka tarar 25A ne, wato 300 kacal, an cike sauran da layukan 5V da 3.3V waɗanda kwamfutar zamani ba ta damu da su sosai ba. Ga shi ba ka san shekarunta ba, kuma ƙananan tulunan da ke riƙe caji a cikinta suna raunana da tsufa, zafi kuma na gaggauta musu. Ram idan ta mutu ita kaɗai take tafiya. Fawa saflai marar kariya kan tafi da madabod ko kati, wani lokaci har da hadis ɗin da aikin mutane ke ciki. Ka yi masa godiya, ka bar masa kayansa.

Batun zafi kuma mu nan ba abin wasa ba ne. Kamfanoni kan faɗi a wane zafi na'urar ke iya ba da cikakken ƙarfinta: masu araha digiri 30, masu kyau 40 ko 50. Makka da rani takan haura 45 a waje, kuma cikin akwatin kwamfuta ya fi ɗakin zafi. Idan mukayyif ɗinka, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba kullum yake kunne ba, nemi mai 40 zuwa sama. Kada ka ajiye akwatin a kan darduma ya toshe fankar ƙasa, kuma ka riƙa hure ƙura duk bayan 'yan watanni.

Wata 'yar'uwa daga Riyad ta tambaya: "Ɗana ya sayi mai wat 750. Kenan kullum 750 take sha? Kuma me ake nufi da Bronze da Gold?"

A'a Hajiya, kwantar da hankalinki. 750 iyakar abin da za ta iya bayarwa ne, abin da kwamfutar ta nema kawai take ja. Bronze da Gold kuwa matakai ne na shaidar 80 Plus, suna nuna yawan wutar da ke isa ga kwamfuta maimakon ta zama zafi. A rabin kaya, Bronze na isar da aƙalla kashi 85 cikin ɗari, Gold kashi 90. Ga kwamfutar da ke neman 320, bambancin daga bango wajen wat 20 ne. Awa takwas kullum na wata guda bai cika kilowat-awa 5 ba, a farashin gidaje na halala 18 kowane kilowat-awa (halala ɗari ce riyal ɗaya), bai kai riyal ɗaya ba. Don haka ba kuɗin wuta ne zai sa a sayi Gold ba. Ni abin da nake fara dubawa shi ne shekarun garanti: kamfanin da ya yarda ya tsaya wa kayansa shekara bakwai ko goma ya san abin da ya zuba a ciki.

Sai wani ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina: "Idan na kammala zan koma Kano da kwamfutata. Wutar can za ta yi da ita?"

Za ta yi, in sha Allah. Saudiyya na kan bolt 230 da 60Hz, Najeriya 230 da 50Hz, kuma fawa saflai na zamani na karɓar duka biyun. Filogin ma iri ɗaya ne, mai ƙafa uku. Duba dai a jikinta ka ga an rubuta 100-240V. Wannan ya shafi har masu zama a tsofaffin gidajen Makka da Jidda da har yanzu ke da soket na 127, domin akwai masu araha da ba sa tashi sai a 200 zuwa 240. Idan kuma tsohuwa ce mai jan maɓalli a baya na 115 da 230, tabbatar yana kan 230 kafin ka jona a Kano. Na taɓa mantawa da wannan a farkon koyona; ƙara ɗaya na ji kamar an fasa leda, sai hayaƙi.

Abin da zai dame ka a Kano ɗaukewar wuta ne da hawa da saukarta, musamman a kan janareto. Ƙarin wat ba ya maganin wannan, sai UPS, na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke. Wajen sayensa ka nemi adadin wat, ba VA da ake rubutawa da manyan lambobi ba, don mai 1000VA sau da yawa wat 600 ne kawai, kuma ka sa allon kwamfutar cikin lissafi.