Fitila na nuna kore, amma batirin injin kwashe ruwa ya mutu cikin minti goma

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon shinkafa da fulawa a Alajo, cikin Akra, kuma daɓen shagon ya fi titi ƙasa. Na haƙa rami a lungu, na sa injin kwashe ruwa mai aiki da wuta, da wani ƙarami mai aiki da batir saboda dumso, wato yawan ɗauke wuta. A ruwan watan Yuni aka ɗauke wuta, ƙaramin ya tashi, bai kai minti goma ba ya soma ƙara ya tsaya, alhali fitilar caja kullum kore take nunawa. Batirin na mota ne, na saye shi a kasuwar Abossey Okai shekara biyu da suka wuce, kuma sau ɗaya na ƙara masa fiya wata. Caja ce ta lalace, ko injin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da abin da ruwa ya ci. Ban ga kayan da idona ba, amma a bayaninka na fi zargin batirin, kuma koren fitilar nan shi ya rufe maka ido.

Caja ba ta san yawan wutar da ke cikin batir ba, ƙarfin bolt kawai take aunawa. Ka ɗauki randar da laka ta cika cikinta: bokiti ɗaya za ka zuba ta kawo baki, mai leƙawa ya ce a cike take. Haka batirin da ya gaji yake. Duk lokacin da aka zuƙe shi sosai aka bar shi bai koma ya cika ba, wani gishiri na salfet yana daskarewa a jikin farantan darmar da ke ciki, wurin ajiye wuta ya yi ta raguwa. Sai ya riƙa cika da wuri, ya ƙare da wuri.

Abubuwa biyu da ka faɗa, da wani na uku, duk suna kai wa nan. Batirin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi ya tada inji, nan take mota ta mayar masa. Farantansa sirara ne, ba sa jure a zuƙe su awa da awanni. Fiya wata kuwa mai kyau ne ga cikinka, amma yana ɗauke da ma'adinai masu ɓata ruwan batir. Na uku zafi ne. A ma'aunin zafi na digiri 25 ake lissafa rayuwar batir, kuma duk ƙarin kamar digiri goma yana raba ta biyu. Shago mai rufin kwano a Akra, a watan Maris, kai ma ka san abin da ake ciki.

Kada ka sayi komai tukuna. Ka samu mitar gwada wuta, ko ka kira yaron da ke maka wayarin, a ranar da babu hadari. Da caja a jone, ka ɗora mita a kawunan batirin. Caja mai lafiya da ta gama cikawa takan tsaya tsakanin bolt 13.2 da 13.8. In ka ga 12 da ɗoriya kawai, cajar ba ta aiki, ko fis ya ƙone. In kuma kullum tana sama da 14.5, dafa batirin take yi, ita ce ke ƙafar da ruwansa.

Daga nan ka cire caja, ka bar shi ya kwana, da safe ka sake aunawa. 12.6 zuwa sama cikakke ne, 12.2 kusan rabi. Idan ya tsaya wajen 10.5, ɗaya daga cikin ɗakuna shida na batirin ya mutu, kowanne yana ba da kusan 2.1 ne, kuma wannan ba ya gyaruwa, ko da wani a bakin hanya ya ce zai juye ruwan ya zuba maka sabo.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na aiki. Ka zare babban injin daga soket, ka yi ta zuba ruwa a ramin har ƙaramin ya tashi, mitar tana kan batir. Mai lafiya zai ɗan sauka, sannan ya tsaya wajen 12 yana ja a hankali. Wanda ya gaji za ka ga lamba tana gangarowa zuwa 11, zuwa 10.5, kafin shayinka ya huce. Tun da hannunka na cikin ramin, ka duba robar da ke tashi da ruwa ta kunna injin ko leda ta naɗe ta, ka duba bawul ɗin da ke hana ruwa dawowa. In ya lalace, ruwa ɗaya injin zai yi ta ɗagawa yana dawo masa, batir na ƙarewa a banza. Yashi a bakin injin ma yana sa ya ja wuta fiye da kima, kuma a unguwannin bakin kogin Odaw wannan ba baƙon abu ba ne.

In ya tabbata batirin ne, ka nemi irin na sola ko na inbata, wanda ake kira dif saikul, ka tabbata cajarka ta dace da nau'insa, don mai ruwa da rufaffe ba caji ɗaya suke so ba. Lissafin girma ba wuya. Batir mai lamba 100Ah, lambar da ke nuna yawan wutar da yake iya ajiyewa, rabinsa ka ɗauka naka in kana son ya daɗe, wato 50. Injin da ke jan amfiya 10 zai samu kamar awa biyar yana gudu ba tsayawa, ya fi haka in yana hutawa. Ka kuma lura da ƙarfin cajar. Mai amfiya 2 sai ta haura yini da kwana kafin ta mayar da wannan 50 ɗin, ga shi a Yuni ruwa kan dawo washegari, wuta kuma ba tabbas. Ni a shago irin naka da na sa caja mai amfiya 10.

Kulawar kaɗan ce. In mai murafu ne, ka buɗe sau ɗaya a wata, ruwa ya rufe farantai, ka ƙara tataccen ruwan da ake kira distil wata kawai. A kasuwa ka faɗi haka ƙarara, don "ruwan batir" wani mai kaya asid zai miƙo maka. Farin ƙura ko kore a kawuna, ka cire waya mai alamar ragi tukuna, ka wanke da ruwan kanwa da tsohon buroshi, kada ya shiga ciki, ka goge, ka ɗaure tamau, ka shafa ɗan man Vaseline. Ka cire zoben azurfa da agogo kafin ka taɓa. Kuma kada a leƙa shi da ashana ko kyandir ranar da babu wuta, iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kamawa.

Abu na ƙarshe da nake yawan gani a shagunan Alajo da Nima: batir da caja a ƙasa, gefen ramin. Ka ɗora su kan kanta, sama da inda ruwa ya taɓa yin zane a bangonka, wurin da iska ke shiga. Ka rubuta ranar saye a jikinsa, ka yi gwajin zuba ruwan nan a ƙarshen Maris kafin babbar damina, ka sake a Agusta kafin ruwan Satumba. Tsohon kuma kada a zubar da ruwansa a kwata. Masu sayar da batir sukan karɓe shi su rage maka wani abu a kuɗin sabon.