Me ya sa ake sake zama kan tsarin aiki bayan an sa hannu a kwangila?

Malam, ka tambaya ko ɓata lokaci ne wanda ya ba da aiki ya sake zama da ɗan kwangila su duba tsarin aiki, alhali an riga an sa hannu. Ko kusa. Sa hannu ya tsayar da farashi da abin da za a kawo, amma bai nuna cewa jadawalin zai yiwu ba.

A Amurka, Ma'aikatar Tsaro ta wajabta wannan zama a manyan kwangilolinta, cikin kwana 180 bayan ba da aiki. Injiniyoyin ɓangarorin biyu ne ke haɗuwa. Sai a kira mai kula da kowane sashe, a baje takardunsa a tebur: ga kuɗin da aka ware maka, ga yawan ma'aikata, ga ranar kammalawa. A tambaye shi, in injin da ka yi oda ya makara wata biyu, me zai tsaya? A nan ake gano aikin da aka manta ba a sa masa kuɗi ba, tun gyara bai yi tsada ba.

Abin da nake roƙo, kada a mai da zaman wurin neman laifi, don da zarar ɗan kwangila ya tsorata zai ɓoye matsala. In an yi babban sauyi a kwangilar kuma, sai a sake zama.