Amsa: Da gaske barewar milu (wata irin barewa ta ƙasar Sin da ake kira Père David's deer da Turanci) ta taɓa ƙarewa a ƙasar Sin?

Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne, ta ƙare ƙaf, sai dai an dawo da ita. Garken ƙarshe ya kasance ne a gandun farautar sarki kusa da Beijin. Ambaliya ta rusa katangar, a rikicin 1900 kuma sojoji suka cinye ragowar garken. Allah ya taimaka an riga an kai wasu Turai, aka tattara su a Woburn ta Ingila suka hayayyafa. A 1985 aka mayar da wasunsu gida.

Dabbar fadama ce, tana iyo sosai, tana cin ciyawar ruwa, kofatonta faffaɗa ne don kada ta kafe a laka. A ganina babbar damuwar yanzu ita ce duk jini ɗaya ne, daga 'yan tsirarun nan na Woburn.