Tambaya da Amsa: Tsohon Littafin Wasa na 1979, A Buga Shi ko A Adana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kawuna da ya yi karatu a Amurka ya ba ni wani siririn littafi mai suna The Keep on the Borderlands, na wasan Dungeons & Dragons (wasan tebur da kowane ɗan wasa ke zama wani jarumi a duniyar almara), takardunsa duk sun yi ja saboda tsufa. Ni da abokaina huɗu mun fara wannan wasa a bara, amma da na karanta littafin sai na ga babu wani labari a cikinsa, ko sunayen mutanen garin ma ba a rubuta ba. Shin ya cancanci mu ba shi lokacinmu, ko in adana shi kawai don tarihi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kawunka ya yi maka kyauta mai daraja, kuma shawarata ita ce ku shimfiɗa shi a kan tebur ku buga. Gary Gygax, wanda shi da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, shi ne ya rubuta wannan littafi, kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ya buga shi a 1979 da lambar B2, aka kuma riƙa sanya shi cikin akwatin wasan na masu koyo. Ta haka ya zama ƙofar da ɗimbin mutane suka bi suka shiga wasan, har mujallar Dungeon ta sanya shi na 7 cikin fitattun littattafan irinsa a 2004.

Abin da ka ɗauka naƙasa ne, a wurina shi ne babban alherin littafin. Gygax bai rubuta labari ba, wuri ya gina: sansani mai ganuwa a bakin iyaka, irin abin da kakanninmu suke kira ribaɗi, da maƙerinsa da masaukinsa da gidan ajiyar kuɗinsa, sannan wani kwazazzabo a cikin daji mai ɗauke da kogwannin dodanni. Labarin kuwa yana fitowa ne daga abin da 'yan wasa suka zaɓa su yi. Shugaban sansanin ba shi da suna domin kai jagoran wasa, wato mai bayyana wa sauran 'yan wasa abin da ke faruwa, ka raɗa masa, ka ba shi murya da hali, kuma da zarar ka yi haka sau biyu ko uku za ka tarar garin ya zama naka.

Ka duba jerin jita-jita 20 da ke cikinsa, waɗansu gaskiya, waɗansu ƙarya. Ɗaya daga ciki tana cewa idan dodannin da ake kira goblin suka yi ihun "Bree-yark", to sun miƙa wuya ke nan, alhali kuwa kiran gayya ne. Ɗan wasan da ya gaskata zai sassauta takobinsa yana murna, sai ya ga 'yan'uwansu sun ɓarko, wani kuma ya ruga ya jefa wa ƙaton dodon da ke maƙwabtaka da su jakar zinariya domin ya shigo faɗan. Cikin layuka kaɗan an koya wa mai wasa cewa ba kowace magana ta kasuwa ake ginawa a kai ba, an kuma koya wa jagora yadda ake dasa abu tun da wuri a girbe shi daga baya. Haka nan akwai wani mai wa'azi mai fara'a a cikin sansanin, wanda zai yarda ya raka matafiya, amma ɗan leƙen asirin maƙiya ne da ke jiran a shiga tsaka mai wuya.

Su ma dodannin ba tsaye suke suna jiran a kashe su ba. Akwai gaba tsakanin ƙabilunsu, mai wayo zai iya haɗa su faɗa ya koma gefe, kuma littafin ya umarci jagora ya sa su koyi darasi, ta yadda dabarar da ta ci su jiya ba za ta ci su gobe ba.

Ba zan ɓoye maka wahalarsa ba. An tsara shi ne don 'yan wasa 6 zuwa 9 masu matakin farko, ku kuma idan ka zama jagora huɗu ne suka rage, saboda haka ka tuna musu su ɗauki sojojin haya a sansanin, su fara da kogwannin da ke ƙasa kusa da bakin kwazazzabon, domin na can sama da na ƙurya sun fi hatsari. Akwai kuma matan dodanni da 'ya'yansu a cikin kogwannin, abin da ya daɗe yana damun masu wasa, ni ma yana damuna. Ku tattauna tun kafin ku fara, ko ka cire su gaba ɗaya. Taswirar da ke cikin bangon littafin kuwa ka yi mata hoto ka yi aiki da kwafin, domin takardar da ta haura shekara 40 ba za ta jure yawan naɗewa da zubar shayi ba.